Katin Chemo da Takalmin Yesenia

Falfurrias, Texas
9 ga Fabrairu, 1998

Ƙanena Chemo,

Gaisuwa mai yawa daga ni da Mama da 'yarka Yesenia. Da fatan sanyin Alaska bai cinye maka yatsu ba. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Mama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Kullum tana zaune bakin shago tana gaya wa masu sayen gurasar masara cewa autanta yana can ƙarshen duniya yana kamun kifi. Yesenia kuwa ta miƙe, ta kusa kamo ni a tsawo.

Ga dalilin wasiƙar. Wani ma'aikacin banki ya zo shago da takardu biyu na katin bashi irin na masu ƙananan sana'a. Na farkon, duk abin da ka saya da shi suna mayar maka da ɗan ragi a ƙarshen wata, kuma ba a biyan kuɗin shekara. Na biyun maki yake tarawa na hawa jirgin sama kyauta, amma sai ka biya su duk shekara kafin su tara maka. Ni da ban taɓa wuce San Antonio ba, me zan yi da jirgin sama? Na farkon nake so. Ragin ba yawa, amma zai biya mana gas na murhu.

Ka san sunana ya ɓaci a banki tun jinyar maigidana Ramiro, Allah ya ji ƙansa. Tunda shagon gadonmu ne mu biyu, sun ce da sunanka za a buɗe, ni a ba ni nawa katin a ƙarƙashin naka. Na sako maka takardun duka don kada ka ce na yi maka rufa-rufa, amma inda na yi alama da jan biro, nan za ka sa hannu.

Sannan Fada na cocinmu ya ba mu rana. Bikin cikar Yesenia shekara sha biyar zai kama Asabar, 28 ga Nuwamba. Ban manta abin da ka faɗa mata a bakin kabarin ubanta ba, ita ma ba ta manta ba: kai za ka durƙusa gabanta a tsakar fili, ka cire mata takalmin yara ka sa mata mai tsini, ka yi rawar uba da ita. Na gaya maka tun yanzu don ba a fafe gora ranar tafiya.

Yayarka,
Ofelia

Dutch Harbor, Alaska
12 ga Maris, 1998

Yaya Ofelia,

Na samu wasiƙarki jiya da muka shigo gaɓa. Ina gaida Mama, a ce mata ta daina tsayuwa wajen murhu. Ina gaida ɗiyata. Yatsuna goma suna nan, na ƙirga su yanzu don ke.

Na sa hannu na aika wa banki kai tsaye. Amma Yaya, kada ki tashi hankalinki, takarda ta biyu na sa wa hannu.

Ki saurare ni kafin ki jefar da wasiƙar cikin murhu. Kin san nawa ne tikiti daga nan zuwa gida? Sai na hau ƙaramin jirgi zuwa Anchorage, daga nan Seattle, daga nan Houston, sannan Corpus. Guminka na wata guda yake cinyewa. A jirgin ruwanmu akwai wani mai suna Dale, matarsa tana da shagon wanki, duk sabulu da wutar da take biya da irin wannan kati take biya, shi kuma sau biyu a shekara yana zuwa gida ko sisi bai kashe ba. Da na ji haka sai na ce ashe mu barci muke yi. Masara, mai, gas, takardar naɗi, man mota, duk wata kuɗi suna fita daga shagon nan suna tafiya a banza. Ki bar su su bi ta katin kawai, kafin Nuwamba sun haifa mini kujera.

Ragin da kike magana kuwa, me zai saya miki? Ko kazar Kirsimeti ba zai kawo ba. Ki yi tunanin manyan 'yan kasuwa mana, Yaya. Ke dai kin fi son abin da za ki ƙulle a bakin zane.

Ki gaya wa Yesenia ta zaɓi takalmin da ya fi kowanne tsini a garin, Kawunta yana nan tafe a sama kamar gwamna.

Autanku,
Chemo

Falfurrias
3 ga Afrilu, 1998

Chemo,

Muna lafiya. Mama ta yi mura ta warke. Gaisuwar ke nan, don ba ni da bakin doguwa yau.

Na ce ka sa hannu a nan, ka sa a can. Ni ke tashi tun kafin zakara in kunna murhu, ni ke ƙona hannu, ni ke jin zagin mai gidan haya, amma kai da kake nesa da mu tafiyar jirgi huɗu kai ne ka san abin da shagon yake bukata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, Chemo. Wane ne Dale? A ina ya san mu? Ya taɓa cin gurasarmu?

Katin ya iso, da sunanka ɓaro-ɓaro da ruwan zinariya. Kafin in sayi ko ashana da shi sun riga sun cire kuɗin shekara. Na gode, gwamna.

To bari in gaya maka abin da kai da Dale ba ku lissafa ba. Mafi yawan abin da shagon nan yake kashewa ƙullun masara ne, kuma ƙullu daga wajen Don Eusebio yake zuwa, kamar yadda yake zuwa tun zamanin Baba. Ka taɓa ganin na'urar kati a injin niƙan Don Eusebio? Mutumin da ko waya sai da 'ya'yansa suka tilasta masa. Na dai tambaye shi don fitar da kai kunya. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ni in niƙa masara, wani yana zaune a ofis mai sanyi ya gutsiri rabonsa? Me ya niƙa?"

Saboda haka abin da yake bi ta katinka man mota ne da gas da takarda. Na duba takardar da suka aiko ta wata. Da wannan tafiyar hawainiya, kujerarka za ta cika ranar auren Yesenia, ba ranar sha biyar ɗinta ba.

Ka rubuta musu su mayar da shi irin wanda na ce. Kai kuma ka fara tara kuɗin tikiti kamar kowane ɗan'adam.

Ofelia

Dutch Harbor
20 ga Mayu, 1998

Yaya,

Ina gaishe ku duka. Na ji daɗin warkewar Mama. Ni na ɗan murɗe kafaɗa wajen jan raga, amma da sauƙi.

Wasiƙarki ta same ni da zafinta, har Dale ya tambaye ni ko mutuwa aka yi. Ki yi haƙuri da zancen sa hannun, amma bakin alƙalami ya bushe. In aka sauya katin yanzu, kuɗin shekarar ya tafi, makin da aka tara ma ya tafi.

Zancen tara kuɗi kuma, gara in gaya miki gaskiya. Abin da na tara na zuba shi a hannun jari na wani ƙaramin jirgin kamun kifi, ni da mutum biyu. Nan da shekara biyu ba yaron kowa ba ne ni. Yanzu dai aljihuna iska ce. In ba katin nan ya kawo ni ba, ban ga abin da zai kawo ni a Nuwamba ba.

Mafita tana nan a gabanki. Babban kantin nan na kan hanyar garin Alice yana sayar da garin gurasa buhu-buhu, suna karɓar kati, kuma ya fi araha. Ki kwaɓa da ruwa kawai. Wata shida ne fa, ba har abada ba. Don Eusebio aminin Baba ne, shi ya riƙe Yesenia ranar baftisma, zai gane. Ki ce masa don ita ake yi.

Ba ni nake roƙo ba, Yaya. Ki dubi yarinyar.

Chemo

Falfurrias
6 ga Yuli, 1998

Chemo,

Kafaɗarka Allah ya ƙara sauƙi. Mama tana nan, amma ta daina zama bakin shago, za ka ji dalili.

"Ki dubi yarinyar." Ka san inda za ka soka wuƙar, ka soka. Na yi kwanaki ina juya wasiƙarka, ina kallon Yesenia tana koyon rawa a tsakar gida da tsintsiya a matsayinka. Daga ƙarshe na yi abin da ka ce.

Don Eusebio ya zo da safe da tsohuwar a-kori-kurarsa, ya sauke bokitan ƙullu da kansa, da wannan bayan nasa. Na ce masa daga gobe a dakata. Ya tsaya yana kallona.

Ya ce, "'Yata, ƙullun ne ya yi tsami?"

Na ce a'a.

"Tsada na yi miki? In tsada ce sai mu zauna."

Na ce, "Ba tsada ba ce, Don Eusebio. Kati ne. Chemo ne zai samu tikitin zuwa bikin Yesenia."

Ya cire hularsa ya share goshi, ya ce, "To, kati. Lokacin da ubanku ya kwanta asibiti wata uku ina kawo ƙullu ban tambayi kowa komai ba, ban san da me ake ba da makin wannan ba." Ya ɗora hular, ya ce ƙullun ranar kyauta ne, ya tafi. Na bi shi da kuɗin har mota, ya ɗaga gilashi.

Mu ne rabin cinikinsa, Chemo. Yanzu kwana uku a mako yake tayar da inji.

Garin buhun naka kuwa, araha ba ta ado. Maƙwabciyarmu Doña Chela ta gutsiri gurasa a gabana ta ce, "Ofelia, wannan ci ake yi ko rubutu ake a kai?" Masu abincin kan kwana sun rage odarsu. Mama ta ɗanɗana sau ɗaya, ta ajiye, ta ce ba za ta zauna a ƙofar da ake sayar da wannan da sunan mijinta ba.

Amma maki yana hawa, kada ka damu. Yana hawa kamar farashi. Har fitilar coci na biya da katin na karɓi tsabar a hannun Fada, don dai ya ƙaru. Na zama mahaukaciya, kowa na gani zai sayi abu sai in ce kawo in biya maka.

To ka buɗe kunnenka. Na zubar da mutuncin Baba a gaban amininsa saboda makin nan. Saboda haka da makin nan za ka zo. In ka kuskura ka tako ƙofata da tikitin da ka saya da kuɗi, ka mayar da abin da na yi wa tsohon nan aikin banza, wallahi ba zan buɗe maka ba.

Ofelia

Falfurrias
14 ga Satumba, 1998

Chemo,

Shiru tun Mayu. Ko kana raye? Mama tana tambaya, ni na gaji da ƙirƙiro mata amsa. Mu dai muna nan.

Makinka ya cika tun ƙarshen Agusta. Na buga wa kamfanin jirgin don in kama maka kujera. Na sha kiɗa a kunne har hannuna ya sage, sannan wata mai zaƙin murya ta ɗauka ta ce da wa take magana. Na ce Ofelia Barragán. Ta ce asusun na Anselmo Barragán ne. Na ce ƙanena ne, ni na goya shi, kuma kowane maki da ke ciki daga hannuna ya fito. Ta ce ta fahimta ƙwarai, amma sai mai asusun da lambarsa ta sirri. Na ce yana tsakiyar teku. Ta ce to idan ya fito. Har da yi mini fatan wuni lafiya.

Wato wajen kashewa ni ce, wajen mora kuwa ban isa ko a gaya mini yawan abin da na tara ba.

Abu ɗaya ta yarda ta faɗa: kujerun kyauta kaɗan ne a kowane jirgi, kuma makon bikinmu makon Idin Godiya ne, duk ƙasar tana kan hanya. Ta ce a yi sauri. Ka ji, a yi sauri. Duk inda wasiƙar nan ta same ka, ka ajiye abin da ke hannunka ka nemi waya.

An gama ɗinkin rigar. An sayi takalmin, fari ne, tana ajiye da shi a kan durowa, ba ta bari ko Mama ta taɓa.

Ofelia

Dutch Harbor
27 ga Oktoba, 1998

Yaya,

Tunda kin kife mini waya jiya kafin in kai aya, bari in rubuta, takarda ba a kife ta. Ina gaida Mama. Ina lafiya, in kina son sani.

Ba da gangan na yi shiru ba. Mun yi watannin zafi a wani wajen kifi da ko akwatin gidan waya babu, daga can aka wuce da mu kamun ƙaguwa. Shekaranjiya na sauka na tarar da wasiƙunki biyu a ofishin kamfani. Ko wanka ban yi ba na shiga layin waya.

Babu kujerar kyauta a makon bikin. Babu a makon da ke gabansa. Na roƙa, na yi faɗa, na nemi shugabarsu. Ta farko da suke da ita ranar 8 ga Disamba ce, na kama ta kafin ita ma ta tafi.

Abin da nake cewa a waya ke nan: a ɗaga bikin zuwa Asabar ta gaba da isowata. Mako biyu ne kacal. Yarinya ba za ta tsufa a mako biyu ba. Fada mutumin kirki ne, makaɗa kuma kuɗi suke so, ba ranar ba.

Kafin ki ce in saya da kuɗi, ga wasiƙarki ta Yuli a gabana. Ke kika rubuta da hannunki cewa in na zo da tikitin kuɗi ba za ki buɗe mini ƙofa ba, har da rantsuwa. Na san ki, Yaya, ba kya rantsuwa a banza. To na bi umarninki, kuma ga shi na zama mai laifi. In na yi gabas laifi, in na yi yamma laifi.

Abin da ya faru da Don Eusebio ya dame ni, amma ni ban ce ki gaya masa a tsaye bakin mota kamar mai korar ɗan aiki ba. Akwai yadda ake magana da manya.

Gobe za mu sake fita, sai wajen 22 ga Nuwamba. Ki rubuto mini sabuwar ranar.

Chemo

Falfurrias
4 ga Nuwamba, 1998

Chemo,

Lafiya muke. Ba sabuwar rana.

An raba katin gayyata tun Satumba. 'Yan'uwan Ramiro sun ɗauki hutu za su taso daga Monterrey. Zauren bikin kuwa wasu sun kama sauran ranakunsa har bayan Kirsimeti. Yara goma sha huɗu sun yi wata uku suna koyon rawa. Duk waɗannan su juya rayuwarsu don kamfanin jirgi bai ga dama ba?

Kai kuma har kana da bakin koya mini magana da manya. Bari na haɗiye wannan, ba lokacinsa ba ne.

Maganar Yuli, na faɗa, cikin fushi na faɗa, kuma kai ma ka san haka. Tun kana yaro nake cewa zan kashe ka, ga ka nan da ranka. Na janye rantsuwar, zan gaya wa Fada da bakina. Ka sayi tikiti ko nawa ne. Ka ci bashi wajen Dale ɗinka, ka sayar da rabonka na jirgin, ka sa a katin ma in biya a hankali. Makin ya ƙone, ban damu ba.

Na roƙi ofishinku su kira jirginku ta rediyo, sun ce sai mutuwa ko rashin lafiya. Saura kaɗan in ce musu Mama ce.

Ban gaya wa Yesenia komai ba. Ka zo, Chemo.

Yayarka

Dutch Harbor
23 ga Nuwamba, 1998

Yaya Ofelia,

Ina gaida ku da fatan shirye-shirye suna tafiya daidai. Mun sauka jiya, na karanta wasiƙarki.

Na je filin jirgi da safen nan. Akwai kujera ɗaya ta kuɗi ranar Alhamis. Da matar ta faɗi farashin sai da na ce ta maimaita. Ya ninka na kullum sau uku. Ƙaguwa ba ta yi kyau bana ba, kuma ranar ɗaya ga wata zan biya kasona na jirgin ruwan, in ban biya ba su fitar da ni. In na sa a katin, ke zan ɗora wa, da ruwan da zai hau kai. Sannan in na soke ta 8 ga wata sai an ci ni tara kafin a mayar da makin.

Na daɗe a tsaye a wajen, Allah ya sani. Amma ki duba da idon basira: a biya wannan uban kuɗi saboda bambancin kwana goma, alhali ga kujera a hannu wadda kika sha wahala a kanta? Asara biyu ke nan. Ba hankali a ciki.

Ki sa Don Eusebio ya sa mata takalmin, ai ubangidanta ne na baftisma, ya ma fi ni cancanta. In na iso za mu yi namu ƙaramin biki a gida, in sake sa mata, in kai ta Corpus ta zaɓi abin da take so.

Na so in buga waya, sai na ga gara in rubuta don ki karanta a natse.

Autanku,
Chemo

Falfurrias
2 ga Disamba, 1998

Anselmo,

Mama tana lafiya. Ta gaji, amma tana lafiya.

Wasiƙarka ta iso jiya Talata, kwana uku bayan biki. Ka san haka za a yi lokacin da ka liƙa mata kan sarki. Ba don in karanta a natse ka rubuta ba, tsoron muryata ka ji. Da ka buga waya ranar, da na zage ka tas, sannan in sami kwana biyar in shirya yarinyar. Ko wannan ba ka ba mu ba.

Saboda haka har ranar Asabar muna sa ido. Na tura ɗan Doña Chela filin jirgin Corpus ranar Alhamis, na sake tura shi Juma'a. A coci duk lokacin da ƙofa ta motsa sai Yesenia ta waiwaya, har Fada ya lura.

Ka ce in sa Don Eusebio. Ya zo coci, da tsohuwar kwat ɗinsa, ya zauna a layin baya. Da aka fito ya sa mata albarka, ya ba ta 'yar sarƙa, ya gaida Mama. Ni ya ɗaga mini hula kamar yadda ake yi wa baƙuwa. Mama ta raɗa mini cewa in roƙe shi ya tsaya. Da wane ido? In ce masa na kore ka don in kawo wani, wanin bai zo ba, zo ka toshe mana ramin? Na bar shi ya wuce. Bai zo zaure ba.

Bari in gaya maka abin da kwana gomanka suka saya. Aka ajiye kujera a tsakar fili, ta zauna, aka kawo takalmin a kan matashi. Mai sanarwa yana da sunanka a takarda, ban tuna na ce ya cire ba, ya kira ka da ƙarfi har sau biyu. Makaɗa suka fara. Mutum wajen ɗari biyu suka zuba wa ƙofa ido. Ƙanen Ramiro ya yunƙura zai tashi, ta girgiza masa kai. Na taso, ta ɗaga mini hannu.

Ta jira har waƙar ta ƙare. Sannan ta sunkuya da kanta. Ka san faɗin irin rigar nan, ba ta ko ganin ƙafarta. Ta yi ta lalube, kambun kanta ya zame, maɗaurin takalmin ya ƙi shiga. Makaɗa suka sake waƙar daga farko don ba su san abin da za su yi ba. Da ta gama ta miƙe, ta gyara kambun, ta ce wa mai sanarwa a tsallake rawar uba a kawo abinci. Mutane suka tafa. Ni ban taɓa jin tafi mai ciwo irin wannan ba.

Garin neman gira mun rasa ido, ni da kai. Nawa laifin na sani, na biye maka. Amma kai ka tsaya gaban kujerar jirgi ranar Litinin, ka auna ta da yarinyar nan, ka ga ba hankali a ciki. Wannan ba zan yafe maka da wuri ba, kada ma ka roƙa.

Na daina amfani da katin. Gobe zan je injin Don Eusebio in tsaya a ƙofarsa har ya gaji ya kalle ni. In ya karɓe mu to, in bai karɓa ba shi ke da gaskiya.

Na ba Yesenia wasiƙarka ta karanta, don ta isa yanzu. Ta karanta har ƙarshe, ta ninke ta miƙo mini, ta ce, "Gaskiyarsa ne, asara ce a bar maki ya lalace." Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da na fi samun sauƙi. Ƙaramin bikin da kake cewa, kada ka tayar da zancen a gabanta.

Ranar takwas ga wata ina da aiki, ita tana da makaranta. In ka sauka a Corpus akwai bas. Ƙofa a buɗe take, saboda Mama.

Tun yarinyar nan tana koyon magana Kawu take ce maka, kafin ma ta iya cewa Baba. Ɗazu tana wanke kwanuka, ba ta ko juyo ba, ta ce mini, "Mama, ƙanenki in ya zo, kwana nawa zai yi?"

Ofelia